Daga Bakin Talaka zuwa Zauren Majalisa: Yadda Majalisar Dokokin Nijeriya ke Karɓar Koken Jama'a da Amsa Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyar da takardar koke ke bi tun daga hannun ɗan ƙasa har zuwa zauren Majalisar Dattawa ko ta Wakilai a Nijeriya, da abin da ke samunta bayan ta isa. Ta yi bitar tanadin Kundin Tsarin Mulki na 1999 da ƙa'idojin zaman majalisa, ta waiwayi wasu al'amura da suka faru a bainar jama'a, sannan ta kwatanta tsarin da na Kenya, Jamus, Birtaniya da Sikotilan. Abin da ta gano shi ne, a Nijeriya koke yana shiga majalisa ne da yardar ɗan majalisa, ba shi da wa'adin amsa, kuma matsayar da ake cimmawa a kansa ba ta tilasta wa kowa komai. Maƙalar tana ganin cewa majalisa ba ta sauke nauyin mai koke ba sai ta ba shi amsa a rubuce, da hujja, cikin lokaci sananne. Ta ƙare da shawarwari shida, waɗanda mafi yawansu majalisar za ta iya aiwatarwa ta hanyar gyara ƙa'idojinta kawai.

1.0 Gabatarwa

Ɗan Nijeriya yana zaɓen wakilinsa sau ɗaya a shekara huɗu. Tsakanin wannan zaɓe da na gaba, abubuwa da yawa suna samunsa: a sallame shi daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, a riƙe masa fansho, gwamnati ta karɓi gonarsa ba diyya, jami'an tsaro su tsare ɗansa, ko gadar garinsu ta karye damina ta raba su da asibiti. Kotu tana da tsada da jinkiri. Zanga-zanga tana da haɗari. Abin da ya rage masa mafi sauƙi shi ne ya rubuta kukansa ya aika wa waɗanda ya zaɓa.

Masu nazarin majalisu sun saba kasa aikinta gida uku: yin doka, sa ido kan ɓangaren zartarwa, da wakilcin jama'a. Takardar koke ta taɓa dukkan ukun. Ita ce ke nuna wa mai yin doka inda dokarsa ta gaza, ita ce ke tona wa mai sa ido abin da ma'aikatu ke ɓoyewa, kuma da ita ake gane ko wakili yana wakilci. Duk da haka, ba ta samun kulawar da ake bai wa kasafin kuɗi ko ayyukan mazaɓu, a wajen 'yan majalisa da manazarta baki ɗaya. Tambayoyin da wannan maƙala ta sa a gaba uku ne. Wa ke da ikon kai koke majalisa? Me ke faruwa da koken idan ya shiga? Me mai koke yake samu a ƙarshe?

2.0 Asalin kai kuka ga hukuma

Kai kuka ga mai mulki ya girmi majalisar zamani a wannan ƙasa. Malaman siyasar Musulunci sun yi dogon bayani kan zaman sauraron mazalim, wato zaman da shugaba ko wakilinsa ke yi don karɓar ƙarar zaluncin da ma'aikatan hukuma da masu ƙarfi suka yi wa talaka. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya ware wa wannan aiki babi guda a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. A Kano, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan wajiban sarakuna, inda ya yi ta nanata haɗarin da ke cikin sarki ya shige gida talakawa su kasa ganinsa. Tsarin mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa fada, bayan karɓar haraji, hanya ce da kuka ke bi ya hau sama. Ba kullum kukan yake isa ba, kuma tarihin gwagwarmayar jam'iyyar NEPU tun daga 1950 shaida ne kan yadda hanyar ta sha toshewa. Amma tunanin cewa dole mai mulki ya saurari talaka daɗaɗɗe ne a wajenmu.

Sigar da majalisarmu ke amfani da ita a yau kuwa daga Ingila aka gado ta. Dokar 'yanci ta 1689 ta tabbatar wa talakawan Ingila haƙƙin kai koke ga sarki ba tare da an hukunta su ba. A ƙarshen ƙarni na 18, ɗaruruwan takardun koke sun kwarara majalisar ƙasar suna neman a hana cinikin bayi, kuma an haramta shi a 1807. Ma'aikatan da suka yi fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a sun kai manyan koke-koke a 1839, 1842 da 1848, majalisa ta yi watsi da su duka, amma yawancin buƙatunsu sun zama doka daga baya. Daga can muka ɗauko ƙa'idar cewa ɗan majalisa ne ke miƙa koke a madadin jama'a. Ingila ta buɗe wasu ƙofofin tun tuni. Mu har yanzu muna kan ƙofa ɗaya.

3.0 Abin da doka ta tanada

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mulki na jama'a ne, kuma wajibi ne a tabbatar da shigarsu cikin harkar gwamnati. Sai dai wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Babi na Huɗu, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan Adam da kotu ke karewa, ya ambaci 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 39 da 'yancin taro a sashe na 40, amma bai ambaci haƙƙin kai koke majalisa ba. Ke nan ɗan ƙasar da majalisa ta ƙi saurara ba shi da wani sashe takamaimai da zai riƙe ya tafi kotu.

Ikon majalisa na bin diddigin koke yana fitowa ne daga sashe na 88 da na 89. Na farko ya ba kowace majalisa damar bincike kan duk abin da take da hurumin yi wa doka, da kan yadda ma'aikatu ke aiwatar da dokoki da kashe kuɗin da aka ware musu. Ya kuma iyakance manufar binciken: ko don yin doka da gyara ta, ko don tona cin hanci, gazawa da almubazzaranci. Na biyu ya ba ta ikon kiran shaidu, neman takardu, da bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129.

Kotu ta daɗe da ja wa wannan iko layi. A farkon shekarun 1980, Majalisar Dattawa ta gayyaci Tony Momoh, editan jaridar Daily Times a lokacin, kan wani rubutu da ya shafi sanatoci. Maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ta bayyana cewa ikon binciken majalisa yana da iyaka, bai mai da ita mai tuhumar kowa a kan komai ba. Wannan fahimta tana nan, kuma tana da tasiri kan irin koken da majalisa za ta iya ɗauka.

A gefe guda akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 31 ta 1975, bayan shawarar kwamitin Udoji da ya yi bitar aikin gwamnati. Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ne ya fara shugabantarta. Sashe na 315 na Kundin ya ba dokarta kariya ta musamman tare da dokar mallakar ƙasa da ta hidimar ƙasa. Majalisar Tarayya ce ke naɗa kwamishinoninta, tana da ofisoshi a jihohi 36 da Abuja, kuma ba a biyan ko kwabo kafin ta saurari mutum. Dokarta ta hana ta taɓa maganar da ke gaban kotu ko gaban majalisa. Za mu dawo kan muhimmancin wannan hukuma.

4.0 Hanyar da koke ke bi

A ƙa'idar majalisun biyu, mai koke yana rubuta takardarsa zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakakin Majalisar Wakilai, ya sa hannu, ya miƙa ta ga sanata ko ɗan majalisa, galibi na mazaɓarsa. A jerin ayyukan kowane zama akwai gurbin gabatar da koke-koke, kusa da farkon zama. Ɗan majalisar zai miƙe ya faɗi daga wa koken ya fito da abin da yake nema a taƙaice, yakan kuma tabbatar da cewa maganar ba ta gaban kotu, sannan ya ajiye takardar a teburin majalisa. Ba a muhawara a wannan mataki. Mai jagorantar zama sai ya tura ta kwamiti: a Majalisar Wakilai, Kwamitin Koke-koken Jama'a, a Majalisar Dattawa, kwamitin da ya haɗa ɗa'ar sanatoci da koke-koken jama'a.

Kwamiti yana sa ranar zama, ya gayyaci mai koke da hukumar da ake ƙara. Kowa ya kawo hujjarsa, wasu da lauyoyinsu. Daga nan kwamiti ya rubuta rahoto da shawarwari, ya kai zaure. Idan zaure ya amince, shawarwarin sun zama matsayar majalisa, Akawun Majalisa ya aika wa hukumar da abin ya shafa.

Ya kamata a yi wa tsarin adalci. Akwai ma'aikatan da aka mayar bakin aiki, da tsofaffin da aka biya haƙƙinsu, saboda kawai wasiƙar gayyata daga majalisa ta sauka a teburin shugaban ma'aikata. Sau da yawa hukuma takan gwammace ta sasanta da mai koke da ta tsaya gaban kwamiti 'yan jarida na kallo. Kuma zaman kwamitin yana cikin wurare ƙalilan a ƙasar nan da masinja zai zauna a ɗaki ɗaya da babban darakta, a ce wa daraktan ya amsa tambaya. Wannan abu ne mai daraja, kuma shi ya sa gyaran tsarin ya cancanci wahala.

5.0 Inda tafiyar ke cijewa

5.1 Ƙofa ɗaya, mabuɗi a hannun ɗan majalisa

Sanatoci 109 da wakilai 360 ne ke wakiltar al'ummar da ta haura miliyan 200. Tunda sai ta hannunsu koke ke shiga zaure, duk wanda ba ya ga-maciji da wakilinsa, ko ɗan jam'iyyar hamayya ne a mazaɓar, ko kuma kukansa ya shafi wani na kusa da wakilin, to ya shiga uku. Babu abin da ya wajabta wa ɗan majalisa miƙa takardar da aka ba shi, kuma babu rajistar da za ta nuna an ba shi ya danne.

Ko bayan takarda ta kai zaure, mai jagorantar zama yana iya tare ta. A watan Maris na 2021, ɗan majalisa Mark Gbillah daga jihar Binuwai ya tashi zai gabatar da koken wata ƙungiyar 'yan ƙabilar Tibi mazauna Amurka, kan 'yan'uwansu da rikici ya raba da gidajensu. Mataimakin Kakaki Idris Wase, wanda ke jagorantar zaman, ya ƙi karɓa, yana tambayar hurumin mazauna ƙasar waje na kawo irin wannan kuka. Sai da jama'a suka yi ca, musamman 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, sannan Kakaki Femi Gbajabiamila ya karɓi takardar a wani zama na gaba. An gyara kuskuren, amma surutun jama'a ne ya gyara shi. Mai koken da ba shi da masu yi masa surutu, shiru zai ji.

Al'amari na biyu ya faru a Majalisar Dattawa a watan Maris na 2025. Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ta miƙa koke tana zargin Shugaban Majalisar, Godswill Akpabio, da neman ta da lalata, zargin da ya musanta. Kwamitin ɗa'a ya yi watsi da takardar bisa hujjar cewa ƙa'idar majalisa ta hana sanata gabatar da koken da shi da kansa ya sa wa hannu. A cikin makon ne majalisar ta dakatar da ita wata shida kan wata tuhuma ta daban da ta shafi saɓa ƙa'idar zaure. Wannan maƙala ba ta yanke hukunci kan gaskiyar zargin. Abin da ya shafe mu shi ne abin da al'amarin ya fallasa game da tsari: babu wata hanya mai zaman kanta ta sauraron koken da ya shafi shugabannin majalisa, alhali shugabancin ne ke naɗa kwamitocin da za su saurara. Idan sanata mai kujera a zaure ta gamu da wannan shinge, ana iya kintatar halin da malamin firamare zai shiga.

5.2 Nisa, kuɗi da harshe

Kwamitocin suna zama ne a Abuja. Tsohon ma'aikacin da ke bin bashin fansho daga Nguru ko Yawuri sai ya nemi kuɗin mota da na masauki. Idan ya iso aka ce shugaban hukumar da yake ƙara bai zo ba, an ɗage zama, sai ya koma ya sake tara wani kuɗin. Hukuma tana da lauyoyi da motoci da alawus na tafiya, kuma jinkiri ba ya rage ta da komai. Ɗage zama sau biyu ko uku ya isa ya sa talaka ya haƙura.

Harshe ma shinge ne. Sashe na 55 na Kundin ya yarda a gudanar da aikin majalisa da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Sama da shekara ashirin da biyar ke nan ba a yi tanadin ba. A aikace da Ingilishi ake rubuta koke, da shi ake kare shi. Manomi, ɗan tireda da matar da mijinta ya rasu a bakin aiki sai sun nemi mai rubuta musu, kuma a wajen fassara kukan yakan rasa rabin zafinsa da wasu muhimman bayanansa.

5.3 Kwamiti ya koma ƙaramar kotu

Duk mai bibiyar zaman majalisa zai lura cewa kaso mai yawa na koke-koken da ake karantawa na mutum ɗaya ne da ma'aikatarsa: kora, ƙarin girma, fansho, kuɗin kwangila. Waɗannan haƙƙoƙi ne na gaske. Amma idan 'yan majalisa suka shafe lokacinsu suna sauraron su ɗaya bayan ɗaya, abu biyu ke faruwa. Na farko, suna yin aikin da aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koke da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa dominsa, ba tare da ma'aikata ko ikon yanke hukunci irin nasu ba. Na biyu, babban amfanin koke yana salwanta. Idan mutum hamsin daga jihohi daban-daban suka kawo kuka iri ɗaya kan hukuma ɗaya, wannan alama ce cewa akwai ɓaraka a doka ko a yadda ake aiwatar da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma aikin majalisa shi ne ta tattara waɗannan bayanai ta gyara rufin gaba ɗaya. Hakan ne ma ya fi dacewa da manufar da sashe na 88 ya gindaya.

5.4 Matsayar da ba ta tilasta wa kowa

Matsayar majalisa shawara ce a idon doka. Hukuma tana iya karɓar wasiƙar Akawu ta sa a fayil. Majalisun biyu sun san da wannan, shi ya sa kowace ta kafa kwamitin bin diddigin aiwatar da matsayoyinta. Amma babu dokar da ta wajabta wa minista ko shugaban hukuma ya amsa cikin kwanaki kaza, ko ya bayyana dalilinsa na ƙin aiwatarwa. Mai koke yakan fita daga majalisa da takardar nasara a hannu, ya shekara yana yawo da ita ofis-ofis.

5.5 Rashin wa'adi da rashin rajista

Ba a sanar da mai koke ranar da zai ji sakamako. Babu wata rajista a buɗe da zai duba ya ga inda takardarsa ta kwana. Majalisa tana ƙarewa bayan shekara huɗu kamar yadda sashe na 64 ya tanada, kuma a zaɓukan baya-bayan nan fiye da rabin 'yan majalisa ba sa dawowa. Koken da bai kammala ba yakan bi wanda ya gabatar da shi, sai a sake sabon lale. Hanyar da ta rage wa jama'ar da wakilinsu ya yi musu kunnen uwar shegu ita ce kiranye, amma sashe na 69 yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya rushe a 2018 a matakin tantance sa hannu, kuma har yau ba a taɓa yi wa ɗan Majalisar Tarayya kiranye ya tabbata ba.

6.0 Abin da wasu majalisu ke yi

Kenya ce ta fi kusa da mu a yanayi. Sashe na 119 na kundinta na 2010 ya ba kowane mutum haƙƙin kai wa majalisa koke kan duk abin da ke ƙarƙashin ikonta, har da neman a yi doka, a gyara ta ko a soke ta. Dokar da aka yi a 2012 ta fayyace hanya: mutum yana iya miƙa takardarsa kai tsaye ga Akawun Majalisa ba sai ta hannun ɗan majalisa ba, da Ingilishi ko da Sawahili, ko da rubutun hannu ne. Ƙa'idojin majalisar dattawan ƙasar sun ba kwamiti kwana 60 ya mayar wa mai koke da amsa. Ba kullum ake cika wa'adin ba, amma akwai ma'aunin da za a kama kwamiti da shi.

A Jamus, sashe na 17 na kundin ƙasar ya tabbatar da haƙƙin koke, sashe na 45c kuma ya wajabta wa majalisar tarayya kafa kwamitinsa. Kwamitin yana karɓar koke fiye da dubu goma a yawancin shekaru, yana neman bayani daga ma'aikatar da abin ya shafa, kuma mai koke yana samun amsa a rubuce tare da dalili. Yana kuma fitar da rahoton shekara da ke nuna ma'aikatun da aka fi kuka da su.

Birtaniya ta kafa sabon kwamitin koke da shafin intanet na haɗin gwiwa da gwamnati a 2015. Koken da ya samu sa hannu 10,000 dole gwamnati ta amsa shi, wanda ya kai 100,000 kuma ana duba yiwuwar yin muhawara a kansa. A 2019 mutum fiye da miliyan shida suka sa hannu kan neman a fasa ficewa daga Tarayyar Turai. An yi muhawara, gwamnati ta ƙi, amma ta faɗi dalilinta a fili. A 2020 koken da ɗan ƙwallo Marcus Rashford ya jagoranta kan yunwar yara ya haura sa hannu miliyan ɗaya, kuma gwamnati ta ware ƙarin tallafi a ƙarshen shekarar.

Majalisar Sikotilan, tun kafuwarta a 1999, ba ta gindaya yawan sa hannu ba: mutum ɗaya ya isa. A 2014 wasu mata da suka cutu daga wata ragar roba da ake dasa wa mata a tiyata suka kai kukansu. Kwamiti ya saurare su, ya kira likitoci da jami'an lafiya, ya riƙe maganar shekara da shekaru, har aka dakatar da amfani da ragar a asibitocin yankin a 2018.

Tsarin ƙidayar sa hannu ta intanet ba zai dace da mu yadda yake ba, domin zai fifita mazauna birni masu waya da data a kan mazauna karkara waɗanda kukansu ya fi tsanani. Abin ɗauka daga majalisun huɗu shi ne abin da suka yi tarayya a kai: ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma duk wanda ya cika sharuɗɗan da aka gindaya yana da tabbacin amsa, ko da amsar a'a ce.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, a buɗe ƙofa ta biyu. Majalisun biyu su gyara ƙa'idojinsu yadda ɗan ƙasa, a gida yake ko a ƙetare, zai iya miƙa koke kai tsaye ga ofishin Akawu, da hannu, ta gidan waya ko ta intanet. Ƙin karɓar koke ya kasance bisa dalilai rubutattu, a kuma sanar da mai shi.

Na biyu, a sa wa'adi: shaidar karɓa cikin mako biyu, rahoton kwamiti cikin kwana 90. Koken da bai kammala ba ya wuce zuwa sabuwar majalisa ba tare da an sake shigar da shi ba.

Na uku, a buɗe rajista mai lamba ga kowane koke, wadda za a iya bincika ta saƙon tes a ƙaramar waya, tare da ɓoye sunan wanda ke tsoron ramuwar gayya.

Na huɗu, a raba aiki. Koken mutum ɗaya da ma'aikatarsa a tura shi Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a jiharsa, a ba ta isasshen kuɗi, ta riƙa kawo wa majalisa rahoton hukumomin da suka yi taurin kai. Kwamitocin majalisa su mai da hankali kan kukan al'umma da matsalolin da ke maimaituwa, su riƙa zama a shiyyoyin ƙasar shida lokaci-lokaci.

Na biyar, a karɓi koke da harsunan da sashe na 55 ya ambata, da boko ko da ajami, majalisa ta ɗauki nauyin fassara da tafinta. Majalisun jihohi, waɗanda sashe na 97 ya ba su irin wannan dama, sun fi kowa sauƙin farawa.

Na shida, a yi doka da za ta wajabta wa kowace hukuma amsa matsayar majalisa kan koke cikin kwana 60, ta aiwatar ko ta faɗi hujjarta, a kuma tuna mata da wannan a lokacin kare kasafin kuɗinta. Dokar ta tanadi kwamiti mai zaman kansa don koken da ya shafi shugabannin majalisa. A gyaran Kundi na gaba, a rubuta haƙƙin koke cikin Babi na Huɗu.

8.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa Majalisar Tarayya tana da isasshen iko a sashe na 88 da na 89, tana da kwamitoci, kuma akwai hukuma mai rassa a duk jihohi da ke ƙarƙashin kulawarta. Abin da ya rage shi ne ta ɗaure kanta da wajibai ga mai koke: ta karɓa ba tare da neman alfarmar kowa ba, ta amsa cikin lokaci, ta bi sawun abin da ta zartar. Majalisa ba za ta iya biya wa kowa buƙatarsa ba, kuma wasu koke-koken ba su da tushe. Amma ɗan ƙasar da aka saurara aka ba shi hujja yakan ci gaba da yarda da hukuma ko bai samu yadda yake so ba, wanda aka yi wa shiru kuwa yakan nemi wata hanyar, kuma ƙasar nan ta ga irin hanyoyin da fushi ke bi. Shawarwari biyar na farko ba sa buƙatar sa hannun Shugaban Ƙasa ko amincewar majalisun jihohi, in ban da batun kuɗi da zai bi ta kasafi. Gyaran ƙa'idojin zaure ne, kuma sashe na 60 na Kundin ya bar shi a hannun 'yan majalisar da kansu. Don haka alhakin farawa yana wuyansu, kuma ya rage ga manazarta, 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula su riƙa tambayar kowane kwamiti, a ƙarshen kowace shekara, koke nawa ya karɓa da nawa ya amsa.